Fim ɗin da Ba a Kallonsa da Suruki

Ku da kuke zuwa shagon nan cajin waya, kullum musunku ɗaya ne, wai wane ya fi wane iya barkwanci tunda waɗanda suka kalli nasa sun fi yawa. Shekaranjiya ma da kunnena na ji ɗayanku yana cewa sana'ar da na yi ba sana'a ba ce, wai mutum ya kunna talabijin ne kawai ya tsaya a ƙofa yana miƙa hannu. To madalla. Ku gyara zama, tunda an ɗauke wuta babu inda za ku.

Ni Sa'idu, gidan kallo na bauta wa tun ina saurayi har furfura ta fito mini. Kuma ba irin na zaune ba, mu mabiya kasuwa ne. Kazaure ce gida, amma ranar kasuwar Roni muna Roni, ta Gwiwa muna Gwiwa, ta Babura muna Babura, wani lokacin mu leƙa Yankwashi. Maigidana Baba Bukar ne, wani Babarbare mai tsinin baki, Allah ya jiƙansa. Ranar da aka kai ni wurinsa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan Fulani aka kawo mini? Kai, wannan ba saniya ba ce, maɓalli gare ta. In ka buga mata sanda zan buga maka." Na ce, "Baba, ko saniyar ce ai ba za ku iya tatsa ba." Ya yi dariya ya ce in ɗauki janareto. A ranar na san nauyinsa.

Aikin farko da za ka koya shi ne kafa ɗaki. Za mu iso da akori-kura tun hantsi bai ɗaga ba, a sauke dirkoki da zana da tampol a bayan kasuwa. Da rana muke haskawa, domin ɗan kasuwa yana so ya kama hanyar ƙauyensu kafin magariba, saboda haka babban abokin gabarmu hasken rana ne. Duk wata kafa sai ka toshe ta da buhu, ka shiga ciki ka tsaya ka juya a hankali, inda ka ga ɗigon haske ka koma ka ɗaure. Tabarma a gaba, gajerun benci a tsakiya, dogaye a baya. Janareto kuwa rami ake tona masa can nesa, a ja doguwar waya, don kada ƙararsa ta cinye magana. Fim ɗin faɗa ko ba a ji kalma ɗaya ba za a kalla. Fim ɗin barkwanci in kalma ɗaya ta faɗi ƙasa, dariyar wurin ta tafi ke nan, ba ka da yadda za ka dawo da ita.

Sai kaset. Ku da kuke shafa waya da yatsa ba ku san tashin hankalin da ake shiga in bidiyo ta cinye kaset gida cike da mutane ba. Za ka kwance murfi da sukundireba ana yi maka ihu, ka zaro zaren a hankali, ka yanke inda ya tauye da reza, ka haɗa da salatif. A nan ake gane gwani. Mai wasa yakan ɗan yi shiru kafin ya saki maganar da za ta kashe mutane, to in ka yanke wannan ɗan shirun don ka ga babu komai a cikinsa, maganar za ta fito amma ba wanda zai yi dariya. Baba Bukar ya taɓa sa ni na sake haɗa wuri ɗaya har yatsuna suka yi tsami, yana cewa, "Numfashinsa ka yanke, mayar masa da abinsa." Kan bidiyo kuma kullum sai an goge shi da farin ƙyalle da sifirit kafin a fita.

Amma babban karatun ba a na'ura yake ba. Tun makon farko Baba Bukar ya ajiye mini kujera a gefen talabijin, ya juya ta tana fuskantar mutane. Na ce, "Baba, ai ba zan ga komai ba." Ya ce, "Fim an gama shi tun a Kano, gobe ma haka za ka same shi. Waɗannan su ne ke canjawa. Su za ka kalla." Haka na yi shekaru ina ba wa fim baya. Akwai finafinan da na haddace da kunne amma ban san kalar rigar jarumin ba.

A kujerar nan na gane dariya iri-iri ce. Akwai ta baki, wadda ke fita da ƙara ta mutu nan take. Akwai ta taya maƙwabci, mutum bai ma ji abin da aka ce ba, ya ga na kusa da shi yana yi ne. Akwai kuma ta ciki, wadda ke fara wa mutum daga kafaɗa, ta naɗe shi, ta hana shi numfashi, ya fito yana share ido. Wannan ta ukun sai a yi wata da watanni ba ka gan ta ba.

Finafinan da ke cika mana gida kuwa na san su tun daga fosta. A sa fuskar da kowa ya sani, a ba shi hula mai ban tsoro, ya faɗa kwata, a bi shi da taɓarya, ya yi ta kwarma ihu. Ba na raina su, wallahi, su suka rufe mini ɗaki da kwano, su suka ciyar da 'ya'yana, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka cika gida suka kuma cancanta. Sai dai sau da yawa in ka tare mutum a ƙofar fita ka ce me aka yi a ciki, sai ya sosa ƙeya ya ce, "An dai sha dariya." Kafin wata kasuwar ya manta. Ku lura da abu ɗaya: mutum yana biya ne kafin ya kalla. Abin da ƙofa ke gaya maka shi ne fuskar wa ke jikin fosta, ko gyaɗa ta yi kuɗi ranar, ko hadari ya haɗo. Abin da ya faru bayan an rufe zana, ƙofa ba ta nan.

Shekarar da ta fi ba ni wuya Baba Bukar ya riga ya rasu, kaya suna hannuna. Ruwan sama ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Mutanen da ke zuwa kasuwa sayar da hatsi suka koma zuwa awo. Wanda ke tunanin tuwon dare ba ya tsayawa karanta fosta. Ana cikin haka janareto ya ƙone mini a Roni, Allah ya sa Emeka mai gyara mutumin kirki ne, ya sake naɗa mini wayarsa ya ce in je, in biya in na samu. Na koma ɗaukar kaya a babur biyu don akori-kura ta fi ƙarfina. Fetur kuwa da galan ƙarami nake saye, na kallo ɗaya tak. A wannan shekarar kaset ɗin Haladu ya zo hannuna.

Haladu tela ne a Babura, siriri, marar hayaniya, in ka gan shi a kan keke ba za ka ce ya taɓa ba wa wani dariya ba. Wasan daɓe yake yi da abokansa lokacin hutun makaranta, a nan wani mai kamfanin fim daga Kano ya gan shi, ya ɗauke shi ya yi masa fim a kan labarin da shi Haladun ya ƙirƙira da kansa. Al'adata ce ba na fita da kaset sai na gwada shi a zaure ni kaɗai, don in ga ko akwai inda yake rawa. Na kunna ina gyaran wata lasifika, da niyyar in riƙa ɗaga kai jifa-jifa. Lasifikar nan ba ta gyaru ba ranar.

Labarin ba wani dogo ba ne. Mutum, wato Haladu, ya raka surukinsa, baban matarsa, ta'aziyya wani ƙauye. Gulbi ya kawo, hanya ta yanke, aka sauke su a ɗaki ɗaya, ana kawo musu abinci a kwano ɗaya. To kun sani, wa zai buɗe baki ya ci tuwo a gaban surukinsa? In aka kawo sai Haladu ya ce, "Alhamdulillahi Baba, a ƙoshe nake." Tsohon ma kunya ta hana shi ci shi kaɗai, sai ya ce shi ma cikinsa ba daɗi. A mayar da kwano yadda aka kawo shi. Shi ke nan fim ɗin, yunwa ce da kunya. Ba faɗuwa, ba gudu, ba ihu.

Kai jama'a! Ban taɓa sanin ana wasa da maƙogwaro ba sai a wurin yaron nan. An buɗe kwano, tururi na tashi, shi yana kallon rufin ɗaki kamar mai nazarin azara, amma maƙogwaronsa na hawa da sauka. Akwai inda ya samu ƙosai mai zafi ya ji tafiyar tsohon, ya cusa a ƙarƙashin hula. Tsohon ya zauna ya ɗauko nasiha a kan haƙurin zaman aure, doguwa, mai rassa. Man ƙosan ya fara gangaro wa Haladu a goshi. Yana cewa, "Haka ne Baba. Gaskiya ne Baba," yana sharewa da yatsa ɗaya kamar gumi, idonsa ya kawo ruwa don zafi, sai kuma a hankali, a hankali, ya kai yatsan nan baki. Na faɗo daga kan turmi. Mai ɗakina ta leƙo a tsorace tana tambaya ko lafiya. Na ce mata mun warke, wannan kaset zai fitar da mu daga shekarar nan.

A Roni na fara sa shi. Gida ya cika har ana tsayuwa, don an ji ɗan ƙasa ne, Haladu ma ya zo ya zauna can bencin ƙarshe ya ja hula. Na kunna, na hau kujerata. Da farko an fara ƙyalƙyalawa nan da can. Ana zuwa wurin kwanon farko sai na ji dariyar tana janyewa. Kafin a kai ƙosai gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareto daga nesa.

Amma ni da ke fuskantarsu abin da nake gani daban ne. Ga wani ya cusa gefen hularsa a baki yana cizo. Ga wani ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa, kafaɗunsa na rawa. Wani ya ƙirƙiro tarin ƙarya. Wani dattijo a gaba ya haɗe rai kamar an aiko masa da mugun labari, amma gemunsa sai karkarwa yake. Can sai na ga mutum ya miƙe a duƙe ya sulale waje, wani ya bi shi, wani ya bi shi. Na dubi dattijon nan, na dubi wanda ya fara fita, sai abin ya faɗo mini. Mijin 'yarsa ne.

To ku duba lamarin. A garuruwanmu wa ya yi aure nesa? Wannan ya auri 'yar wancan, wancan yayan matar wannan ne, shi ma suruki ne. Mai shekara arba'in yana jin kunyar na gabansa, na bayansa kuma yana jin kunyarsa. Yaro ba zai yi dariyar suruki surukinsa na zaune ba. Dattijo ba zai yi ba, kada a ce ya san mijin 'yarsa na ɓoye ƙosai a hula. Waɗanda ba su da kowa a ciki kuma suka ga kowa ya yi shiru, su ma suka haɗiye tasu, don dariya ba ta son kaɗaici. Fim ɗin ya taɓa su inda ba a taɓawa a cikin taro.

Haladu daga baya ba ya ganin fuska, ƙeya yake gani da mutane masu fita. Kafin a gama ya tashi. Na same shi a bakin titi yana jiran mota, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurare ni da ladabi har na gama, sannan ya ce, "Yaya Sa'idu, na gode da kara. Amma ni ma ina da kunne." A Babura, garinsu, abin da ya faru ke nan. Labari ya bazu cewa fim ɗin nan kunya ake ji a cikinsa, kada ka je. Da na maimaita shi benci kawai na haska wa. Fim ɗin da ake faɗawa kwata kuwa, da na mayar da shi, mutane suka ɗan dawo.

Abin mamaki, sai aka fara tare ni a gefe. Wani mai awon hatsi ya ja ni bayan rumfa yana waige-waige kamar zai sayi abin haram, ya ce, "Sa'idu, fim ɗin nan na tela, in surukina ya tafi Daura za ka kawo mini zaure?" Wani ya ce tun ranar Roni in ya tuna yatsan nan yana cikin sallah sai ya sake alwala don shakka. Na aika wa Haladu duk wannan. Aka dawo mini da cewa ya daina zuwa wasan daɓe, ko hira ba ya zama.

Ana nan sai saƙo ya zo daga mai kamfanin. Zai wuce ta Gwiwa ranar kasuwa, zai tsaya ya ga ƙofa da idonsa. In gida ya cika a ƙasar su Haladu, zai yi masa fim na biyu. In bai cika ba, magana ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Ba zai zauna kallo ba, shiga kawai zai gani ya wuce. Gwiwa ba a taɓa sa fim ɗin ba, kuma an ji jarumin da kansa zai zo, saboda haka tun muna kafa dirkoki mutane ke zagaye mu. Cikar gida ranar ba abin shakka ba ce.

Gwiwa garin mahaifiyata ne, kuma na daɗe ina cin kasuwarsa. Na san gidan da kowa ya yi aure. Da muka gama toshe haske na kira Haladu cikin ɗakin, mu biyu, na ce, "Zan gaya maka abu biyu, ka zaɓa, don fim naka ne. In na buɗe ƙofa kowa ya shiga, gida zai cika, Alhaji mai kamfanin zai gani, ka samu fim ɗinka. Amma abin da ka ji a Roni shi za ka ji. In kuma na tsaya na tace, duk wanda surukinsa ke ciki na hana shi shiga, da ƙyar mu samu rabin gida. Man da ke galan na kallo ɗaya ne, balle in raba su biyu. Amma za ka ji abin da ka yi."

Ya daɗe yana murza bakin tabarma da yatsa. Ya ce, "Yaya, kai ma fa shekarar nan ba ta bar ka ba." Na ce wannan ba nasa ba ne. Ya ce, "In gida ya cika aka kira ni Kano, da me zan je? Tun Roni ko 'ya'yana ban ƙara ba wa dariya ba. In na buɗe baki sai in ji shirun nan. Zan je ne in faɗa kwata kamar kowa, don ita na tabbata ana yi wa dariya." Na ce masa ya yi tunani, irin wannan dama ba ta zuwa tela sau biyu. Ya ce, "Na sani. Tace su, Yaya. Ina so in ji da kunnena."

Aikin ƙofa na ranar ban taɓa yin irinsa ba. Na tsaya na dafa dirka, ina duban fuska ɗaya-ɗaya. "Baba Na'Allah, bismillah, ku shiga. Kai Garba, dakata, baban Hajara na ciki." Ya ce, "Haba Sa'idu, ga kuɗina fa!" Na ce, "Riƙe abinka, gobe za ka gode mini." Wani ya matso na tare shi, ya ce, "Ai na sake ta tun bara!" Na ce, "Da 'ya'ya a tsakani? Har gobe surukinka ne, koma." Da mutane suka gane abin da nake yi sai suka kama taya ni. Ka ji ana ɗaga murya daga baya, "Kada ka bar Audu, yayan matarsa ya shiga!" Wani tsoho ya tsaya nesa ya aiko a tambaye ni ko cikin mazajen 'ya'yansa mata uku akwai wanda ya riga shi, na ce babu, ya shigo yana sauri kamar yaro, su kuma ukun na mayar da su. Kasuwa guda ta tsaya tana warware aurarrakin Gwiwa a bakin zana.

Ana cikin haka motar mai kamfanin ta tsaya. Ya fito ya ga ana mayar da mutane da kuɗinsu a hannu, ya leƙa ciki ya ga benci rabi babu kowa. Na gaishe shi na yi masa bayani, ban ɓoye komai ba. Mutum ne mai hankali, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam Sa'idu, ba sai ka gaya mini yana da kyau ba. Ranar da muke ɗaukar wurin hular nan mai kyamara sai da ya ajiye ta ya fita. Amma ka faɗa mini, wane gari ne babu surukai? A kowane gidan kallo zan samu mai tsayawa a ƙofa wanda ya san auren kowa? Ni ma mutane nake ciyarwa." Gaskiya ya faɗa. Ya ce zai yi la'asar a masallacin kasuwa ya wuce.

Na rufe zana. Na zaunar da Haladu a ƙasa kusa da kujerata, bayan wani buhu da na rataya, inda zai ga fuskoki su ba su gan shi ba. Na kunna.

Tun kwanon farko ta fashe. Ba ta baki ba, ta cikin ce, gaba ɗaya, kamar an buɗe madatsa. Mutum ya waiga hagu ya waiga dama ya ga babu wanda zai ji wa kunya, sai ya saki jiki. Dattawan da ban taɓa ganin haƙoransu ba suna dukan cinya. Baba Na'Allah ya zame daga benci ya zauna a ƙasa yana ɗaga hannu, "A tsayar, don Allah a tsayar, zai kashe ni!" Wani yana nuna talabijin yana son ya yi magana, numfashi ya ƙi. Waɗanda na hana shiga suna jingine da zana ta waje, ba sa ganin komai, amma dariyar ciki ta kama su, sai ga su su ma suna yi. Ɗakin nan har girgiza yake. Wallahi tsigar jikina ta tashi, tsoro-tsoro ma na ji, a ce siririn tela ɗaya ya riƙe manyan mutane haka da fuska kawai.

Sai aka zo wurin ƙarshe. Yunwa ta kai su maƙura, Haladu ya samo ƙuli-ƙuli ya zagaya bayan ɗaki ta hagu, tsohon ya samo rogo ya zagaya ta dama, kowa na tafiya da baya yana leƙen kada a gan shi, har bayansu ya haɗu. Suka daskare. Kowa ya san wane ne a bayansa, kowa bakinsa cike, ba mai juyowa. Suka ci gaba da tauna a hankali, baya da baya, kowa na kallon gabansa kamar shi kaɗai ne a duniya. Gidan ya kife. Can ƙuli-ƙuli ya sarƙe Haladu, yana son tari yana dannewa, ido ya firfito. Sai tsohon, ba tare da ya waiga ba, ya sa diddige ya turo masa kofin ruwa ta baya.

A nan dariyar ta canja. Ba ta tsaya ba, amma ta yi laushi, na ga manyan mutane suna dariya hawaye na bin gemu, kuma na rantse ba duka na dariya ba ne. Wani a tsakiya ya ce a hankali, "Allah sarki, nawa ma haka yake." Duk shekaruna a kujerar nan, kafin ranar da bayanta, ban sake ganin fuskoki irin waɗannan ba.

Daidai lokacin na ji an tayar da mota a waje. Na san ƙararta. Na sunkuya na ce, "Haladu, Alhaji zai tafi. Tashi ka same shi, ka jawo shi ya leƙo ko sau ɗaya, wataƙila ya canja magana." Bai motsa ba. Ya kama wuyan hannuna ya riƙe gam, idonsa na kan mutane, bakinsa a ɗan buɗe. Motar ta juya, ta hau titi, ƙararta ta yi nisa har ta ɓace, yana riƙe da ni.

Sai da rubutun ƙarshen fim ya fara hawa, mutane suna miƙewa suna dafa juna, sannan ya sake ni. Ya ce, "Yaya Sa'idu."

Na ce, "Na'am."

Ya ce, "Ashe na iya."

Na ce, "Ka iya, Haladu."

Ya taya ni kwance zana, muka naɗe tabarmi, ya hau bayan babur ya koma Babura. Bai sake tsayawa gaban kyamara ba.